Harbin yanyawa da dare a gonakin Birtaniya: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya zauna a karkarar Birtaniya, ko ya kama aikin gona a can, ko ya ajiye 'yan kaji a bayan gida, ba zai daɗe ba maganar yanyawa za ta iso shi. Wasu kuma a YouTube suka fara ganin abin: hoto baƙi da fari, dabba tana tafe cikin duhu, can sai ta faɗi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi maimaitawa. Dokokin da aka ambata na Ingila da Wels da Sikotlan ne, kuma sukan sauya, don haka sashen lasisin bindiga na 'yan sandan yankinka shi ke da maganar ƙarshe.

Wace irin dabba ce ake magana a kanta?

Jar yanyawa ce ta Turai, wadda ta fi tamu ta Sahel girma nesa ba kusa ba. Babba takan kai kilo 5 zuwa 7, gashinta ja, ƙirjinta fari, ga bindi buzu-buzu. A 2018 ƙungiyar Mammal Society ta ƙiyasta cewa akwai kimanin 357,000 a Birtaniya. Tun da aka ƙarar da kyarketai a tsibirin ɗaruruwan shekaru da suka wuce, babu wata dabbar daji da ke farautar babbar yanyawa. Mota ce ke kashe ta, ko cuta, ko mutum.

Ba ta da zaɓen abinci. Zomo, ɓera, tana, ƙwari, 'ya'yan itace, mushe, ƙwan tsuntsu, shara, duk ci take. Wannan ne ya sa take rayuwa a tsaunukan Sikotlan kamar yadda take rayuwa a tsakiyar Landan.

Me take yi wa manomi har ya kai ga bindiga?

Ya danganta da abin da yake nomawa. Mai kaji ne ya fi kowa kuka. Idan yanyawa ta samu shiga akurki, ba kaza ɗaya take ɗauka ta fice ba. Kajin suna fuffuka, ba su da mafita, ita kuwa duk abin da ya motsa sai ta cafke, gari ya waye a tarar da gawarwaki warwatse, wasu babu kai. Mutane kan ce mugunta ce. Ba mugunta ba ce: ɗabi'arta ce ta kashe fiye da cikinta ta binne saura don gobe. Sai dai wannan bayani ba ya mayar wa mai kaji da ko ƙwai ɗaya.

Maganar tumaki ta fi sarƙaƙiya. Binciken da aka yi a wasu gonakin tsaunukan Sikotlan ya nuna abin da yanyawa ke kashewa bai kai kashi 2 cikin 100 na 'ya'yan da aka haifa ba. Sanyi da yunwa da wahalar haihuwa sun fi ta kisa da yawa, kuma sau tari ɗan tunkiyar da aka gani a bakinta mushe ta tsinta. Amma lissafin ƙasa baki ɗaya ba ya ɗauke asarar gona guda, domin akan samu yanyawa ɗaya da ta koyi ɗauke tagwaye, tana zuwa dare bayan dare. Sai kuma masu kula da dajin farauta da ke kiwon fezan (wani tsuntsun farauta mai dogon bindi) da makwarwa, da masu kare tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa.

Manomin alkama da sha'ir kuwa sau da yawa ba ya son a taɓa ta, tunda ita ke rage masa zomaye. Tambayar farko ke nan kafin a ɗauko bindiga: a wannan gona, ɓarna take yi ko aiki?

Doka ta yarda a harbe ta?

Ta yarda. Yanyawa ba ta cikin dabbobin da aka hana kashewa, kuma babu watannin da aka rufe harbinta, dare ko rana. Abin da doka ta tsaya a kai shi ne wa ke harbin, da wace bindiga, a filin wa, kuma ta wace hanya. An haramta guba, da baka da kibiya, da abin fashewa, da tarkon waya mai kulle kansa. Dokar kare dabbobin daji masu shayarwa ta 1996 kuma ta mai da azabtar da ita da gangan laifi. Duba amsoshin lasisi da izinin mai gona, domin ba a samun halaccin harbin sai da su biyun.

Me ya sa sai da dare?

Saboda da dare take fita. Da rana tana kwance cikin kurmi ko gindin shinge, sai magariba ta doso take bazuwa neman abinci, ta ci gaba har asuba. Akwai kuma wani abu a halittar idonta: a can bayan ƙwayar idon akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, irin na kyanwa da kare. Da an haska ta sai idanun su yi ƙyalli daga nesa. A kan wannan aka gina harbi da fitila tun asali, kuma a kansa ne mafi munin haɗurra suka faru, kamar yadda za a gani a amsar tantance dabba.

Ina farautar karnuka da dawakai da aka san Turawan Ingila da ita?

An hana ta. Sikotlan ce ta fara a 2002, sannan dokar farauta ta 2004 ta fara aiki a Ingila da Wels a Fabrairun 2005. Babban abin da ya rage shi ne a yi amfani da karnuka da ba su wuce biyu ba su koro yanyawa daga maɓoya zuwa inda maharbi yake, shi kuma ya harbe ta nan take. Sikotlan ta sabunta dokarta a 2023, ita ma ta tsaya a karnuka biyu, sai dai da lasisi na musamman.

Kafin hanin, kwamitin da Lord Burns ya jagoranta a shekarar 2000 ya duba hanyoyin da ake da su, ya karkata ga cewa harbi da raifil da fitila, idan an yi shi yadda ya kamata, ya fi farautar karnuka sauƙin wahala ga dabbar. A lura da sharaɗin da suka gindaya. Kusan duk sauran amsoshin nan bayanin wannan sharaɗi ne.

Yaya ake samun lasisin bindiga don wannan aiki?

Wurin 'yan sandan yankin da kake zaune ake nema, ƙarƙashin dokar bindigogi ta 1968. Lasisin raifil daban, na bindigar harbin tsuntsu daban, kuma na raifil ya fi tsauri. Dole ka nuna dalili mai ƙarfi na kowace bindiga da kake so, wato ka kawo sunan gonar da aka ba ka izini da irin dabbar da za ka harba. Za ka kawo mutum biyu da suka san ka aƙalla shekara biyu su tsaya maka, likitanka zai ba da bayanin lafiyarka, jami'i kuma zai zo har gida ya yi hira da kai, ya duba akwatin ƙarfen da za ka kulle bindigar, wanda ake ɗaurewa a jikin bango. An ƙara matsa batun likita bayan harbe-harben da aka yi a Plymouth a 2021.

Lasisin na shekara biyar ne, kuma a jikinsa ake rubuta girman bindigar, da yawan harsashin da za ka iya ajiyewa, da abin da aka yarda ka harba. Sabon shiga yawanci ana taƙaita shi ga filayen da 'yan sanda suka amince sun dace da ƙarfin bindigarsa. Wanda aka taɓa yanke wa ɗaurin shekara uku ko fiye an haramta masa riƙe bindiga har abada. Riƙe raifil ba lasisi kuwa na iya kai mutum gidan yari na tsawon shekara biyar.

Mai gona ya ce in zo, ya isa?

A samu a rubuce, da taswirar iyakar gonar, a sa a aljihu duk daren da za a fita. Shiga filin wani da bindiga ba izini laifi ne mai zaman kansa, ko da babu harsashi a ciki, kuma tsallake shinge don bin dabbar da ta faɗa gonar maƙwabci shi ma shiga ne. Wani lokaci ma mai noman haya yake yi, haƙƙin harbi yana hannun mai ƙasar, don haka a tambaya. Masu gona da yawa ba sa yarda sai sun ga inshora, abin da ya sa maharba ke shiga ƙungiyoyin maharba irin su BASC, waɗanda ke haɗa wa mambobinsu da ita.

Wace bindiga ta dace?

Akasarin masu wannan aiki raifil mai ƙarfi suke riƙewa, kuma da lambar girman harsashi ake kiran kowace: .222, .223, .22-250, ko .243 ga wanda yake harbin barewa ma da rana. Harsashinsu yana tafiya a miƙe da sauri, yana fashewa a cikin jiki, dabba ta mutu nan take. Ƙananan irin su .22 LR da .17 HMR na zomo ne. Wasu rundunonin 'yan sanda sukan amince da su don yanyawa a kusa-kusa, kamar a harabar gona, amma da nisa ya ƙaru sai raunata dabba ya yawaita. Bindigar harbin tsuntsu tana aiki da manyan ƙwayoyin harsashi a tazarar da ba ta wuce mita 30 ba. Bindigar iska kuwa ko kusa.

Kusan kowa yanzu yana ɗaura salansa a bakin bindiga. Ba ta kashe ƙarar kamar yadda ake nunawa a fim, ragewa take yi, ta kare kunnen maharbi, ta bar tumaki da mutanen ƙauye su yi barci. Abin da ya fi sunan bindiga muhimmanci shi ne a gwada saitinta da rana a kan takarda, a kuma harba daga kan abin dogarawa, sanduna ko ƙafafun bindiga, ba a tsaye hannu na rawa ba.

Fitila, na'urar gani da dare, na'urar ɗumin jiki: mene ne bambancinsu?

Fitila ita ce tsohuwar hanya. Mutum biyu ko uku ne: mai tuƙi, mai haskawa, maharbi. Ana share fili da haske, wani lokaci da jan gilashi ko ruwan goro a gaban fitilar don kada ya firgita dabba. Tana da arha, kuma tana nuna maka dabbar da launinta na gaskiya da abin da ke kewaye da ita. Aibinta shi ne yanyawar da aka taɓa haskawa aka harba aka kuskure ta gama karatu. Daga ranar, da ta ga haske sai dai ka ga bindinta.

Na'urar gani da dare tana amfani da hasken da idon dabba ba ya kamawa sosai, ta ba ka hoto a ƙaramin allo, har kana iya ganin siffar kunne da bindi. Ta ɗumin jiki kuwa ba ruwanta da haske, zafin jiki take karantawa, ta nuna dabba fari tas ko baƙi ƙirin daga ɗaruruwan mitoci. Ita ce ta sauya wannan sana'a a 'yan shekarun nan, domin babu abin da ke ɓuya mata a fili. Amma ba ta gani ta cikin gilashin mota, ba ta cika nuna siririyar waya ko reshen da ke tsakaninka da dabba ba, kuma a daren da raɓa ta jiƙa komai, ƙasa da shinge da sama sukan haɗe su zama toka-toka. Shi ya sa ƙwararru da yawa ke nemo dabba da ita, sannan su koma na'urar gani da dare ko fitila kafin su taɓa kunama. A ganina wannan tsari ya fi hankali. Na'urar ɗumi ta sauƙaƙa ganowa ƙwarai, ba ta sauƙaƙa ganewa daidai da haka ba.

Yaya ake tabbatar da cewa yanyawa ce?

Ƙa'idar da kowace ƙungiyar maharba ke nanatawa ita ce ba a harbin ido. Idon tunkiya yana ƙyalli, haka na ɗan maraƙi, da karen maƙwabci, da kyanwa, da barewa. Fasasshiyar kwalba ma tana yi. Idon mutum ba ya irin wannan ƙyalli, amma gilashin tabarau da na madubin hangen nesa suna yi. A 2004 an harbe wani yaro ɗan shekara 13 har lahira a Devon yayin da aka fita neman yanyawa da fitila. A kusan wannan lokaci aka yi wa wani mai kallon dabbobin dare mummunan rauni a Buckinghamshire, bayan an ɗauki na'urar hangen da ke hannunsa a matsayin idon yanyawa.

Sai an ga dabbar gaba ɗaya, daga hanci zuwa bindi, kuma an ga tafiyarta. Yanyawa tana sassarfa a sauƙaƙe, bindi a miƙe a baya, ta tsaya ta saurara, ta ɗan karkata kai, wani lokaci ta daka tsalle ta dira kan ɓera da ƙafafun gaba. Baja, dabbar nan mai zanen fari da baƙi a fuska, gajeriya ce mai faɗi, tana tafe tana rangaji, hanci a ƙasa. Dokar kare baja ta 1992 ta ba ta cikakkiyar kariya, harbinta na iya kai mutum kurkuku ya kuma raba shi da lasisi. Akwai wata ƙaramar barewa mai girman gada da aka kawo daga Sin, ta bazu a kudancin Ingila, wadda a na'urar ɗumi takan rikita sabon shiga in tana kiwo kai a sunkuye. Dokar barewa ta 1991 ta hana harbinta da dare, daga awa ɗaya bayan faɗuwar rana zuwa awa ɗaya kafin fitowarta, sai da lasisi na musamman.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne leƙa abu ta madubin da ke kan bindiga don a gane mene ne. Wanda ya yi haka ya riga ya auna bindiga ga abin da bai sani ba. Na'urar dubawa a hannu take, daban da bindiga.

An tabbatar ita ce. Sai harbi?

Tukuna. Saura tambaya ta biyu: idan harsashin ya kuskure, ko ya ratsa ta ya wuce, ina zai tsaya? Harsashin raifil mai ƙarfi yana iya tafiyar kilomita biyu, uku, ko fiye. Dole a samu ƙasa mai laushi da ta taso a bayan dabbar, wadda ido ke gani. Shinge ba ya tsayar da harsashi, kurmi ma haka, duhu balle. Yanyawar da ta tsaya a kan tudu, sama ce kawai a bayanta, ta tsira a wannan dare komai ɓarnarta. Ƙasa mai duwatsu, ko wadda sanyi ya daskarar, ko ruwa kwance, duk suna sa harsashi ya yi tsalle ya canja hanya, kuma ƙaramin .22 ya fi kowanne wannan hali. Inda fili yake shimfiɗe ba tudu, kamar gabashin Ingila, akan hau kujera mai tsani ko bayan mota don harbin ya nufi ƙasa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da rana ake zaga gonar a ƙafa, a san inda gidaje suke, da garken dabbobi, da tankin ruwa, da hanyoyin ƙafa na jama'a. Waɗannan hanyoyi sun ratsa gonakin Ingila da Wels ko'ina, kowa yana da 'yancin bin su ko da ƙarfe biyun dare ne, kuma akwai masu yawo da kare a irin wannan lokaci. A Sikotlan 'yancin shiga filaye ya ma fi haka faɗi. Game da titi, dokar hanyoyi ta 1980 ta mai da shi laifi a Ingila da Wels a harba bindiga cikin ƙafa 50 daga tsakiyar titin mota, wajen mita 15 ke nan, idan hakan ya raunata mai wucewa, ko ya tsayar da shi, ko ya jefa shi cikin haɗari.

Yaya ake jawo ta kusa?

Da kukan zomon da ke cikin wahala. Tsofaffin hannu da bakinsu suke yi: su jiƙa bayan hannu, su manna leɓe, su tsotsa, sai wani siririn ƙara mai ban tausayi ya fita. Wasu suna goga farin soson kwali a jikin gilashin mota. Akwai usur na musamman, akwai kuma na'urar da ake ajiyewa can nesa tana kukan. 'Yar shekara ɗaya takan taho a guje. Tsohuwa kuwa sai ta zagaya ta bayan iska ta shinshina tukuna, in ta ji warin mutum shi ke nan.

Don haka iska ce ke tsara daren. Ana tafiya tana bugun fuska, ba ƙeya ba. Masu fitila sun fi son dare mai duhu, ba farin wata, da 'yar iska da za ta haɗiye ƙarar takalmi. Ga yanyawar da ta saba zuwa wuri guda, kamar akurki, zama a jira ta ya fi yawo amfani, domin takan bi hanya ɗaya a kusan lokaci ɗaya. Kyamarar da ake ɗaurewa a jikin itace tana faɗa maka ƙarfe nawa take zuwa.

Wane lokaci na shekara ya fi dacewa?

Suna barbara daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ake jin kururuwarsu da dare. Ciki kwana 52 ne ko kusa da haka, a haihu a Maris ko Afrilu, yawanci 'ya'ya huɗu ko biyar. 'Ya'yan sukan watse neman wurin kansu daga Oktoba. Wanda ke son kare haihuwar tumaki ko ƙwan tsuntsaye, ƙarshen hunturu ne lokacinsa, daga Janairu zuwa farkon Maris, kafin a haihu. Bayan girbi, a Agusta da Satumba, an fi samun yawan kisa saboda fili ya buɗe kuma 'ya'yan ba su da wayo, sai dai da yawansu dama ba za su kai baɗi ba.

Matsalar tana daga ƙarshen Maris zuwa Mayu. Doka ba ta hana ba, amma wanda ya harbe uwa mai shayarwa ya bar 'ya'ya a rami za su mutu da yunwa. Ƙa'idar maharba ita ce a duba gawar, in an ga nono, wajibi ne a nemo ramin a gama da su cikin gaggawa. Aiki ne marar daɗi, kuma shi ne babban dalilin da ya sa masu hankali ke gama nasu kafin lokacin.

Idan aka raunata ta ba ta mutu ba fa?

Ƙirji ake nufa, wajen zuciya da huhu, ba kai ba, domin kai ƙarami ne kuma ba ya tsayawa wuri guda. Bayan harbi a sake ɗana bindiga nan da nan, ido na kan dabbar. In ta motsa a ƙara mata. In ta shige kurmi a bi sawu, da kare in akwai, in ba a same ta ba a dawo da sassafe. Mafi yawan raunatawa daga kwaɗayin harbin nesa yake zuwa, don haka kowa ya san tazarar da hannunsa ke iyawa da dare, wadda kullum ba ta kai ta rana ba.

Harbin yana rage yawansu kuwa?

A gona guda, na ɗan lokaci, e. A ƙasa baki ɗaya, da wuya. Kamar ramin da ake tonawa a yashin rafi ne da rani: ka kwashe ruwan, ka juya, ya sake taruwa. Da an kashe mai wuri, wata daga maƙwabta ko cikin matasan da ke yawo za ta maye gurbin, wani lokaci cikin makonni kaɗan. Ko cuta ma ba ta gama da su ba. Ƙazuwar da ta ɓarke a Biristol a 1994 ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na yanyawar birnin, amma a hankali suka farfaɗo. Ostireliya, inda Turawa suka kai su a ƙarni na 19 don farauta, har lada jihar Victoria ke biya a kan kowace da aka kashe, ga guba ana zubawa, kuma suna nan.

Abin da ke aiki shi ne a rage su a daidai wuri, a daidai lokaci. Gwajin da GWCT, wata ƙungiyar binciken namun daji da tsuntsayen farauta, ta yi a Otterburn da ke Northumberland daga 2000 zuwa 2008 ya nuna cewa inda aka rage yanyawa da hankaki a lokacin ƙwai, nasarar ƙyanƙyasar tsuntsaye masu sheƙa a ƙasa ta ninka kusan sau uku. Ko RSPB, babbar ƙungiyar kare tsuntsaye, tana sa a harbe yanyawa a wasu gandayenta idan sauran dabaru sun gaza. Ƙungiyoyin da ke adawa da farauta irin su League Against Cruel Sports kuwa suna ganin yawancin kisan ba shi da amfani. A kan wanda ke fita kowane mako yana tara lissafi don hoton Facebook, ina ganin suna da gaskiya. A kan makiyayin da ke bin yanyawa ɗaya da ta addabi garkensa a makon haihuwa, ba su da ita.

Babu wata hanya ban da bindiga?

Akwai, kuma ga mai 'yan kaji su ne kan gaba. A rufe akurki kafin magariba, ko a sa ƙofa mai rufe kanta. Raga mai kauri, a binne gindinta ko a shimfiɗa shi waje don kada a tona ta ƙasa. Shingen lantarki shi ne abin da manyan gonakin kajin sake suka dogara da shi. Masu tumaki sukan shigar da masu tagwaye rumfa su haihu, su kwashe mabiyiya da mushe da wuri, wanda dama doka ta hana barinsa a fili. Wasu ma alfaka, wata dabba dangin raƙumi, suke sakawa cikin garke, tana korar yanyawa.

Tarkon waya kuwa yana kan hanyar fita. Wels ta haramta shi a Oktoban 2023, Sikotlan a Nuwamban 2024. A Ingila jam'iyyar Labour ta yi alkawarin hana shi a zaɓen 2024, saboda haka a bincika matsayin doka kafin a ɗana. Kejin kamu yana aiki a cikin gari, amma wadda aka kama harbe ta ake yi. Kwashe ta a kai wani daji a saki tura wa wani matsalar ne, ita ma dabbar ba ta cika rayuwa ba.

Sai na sanar da 'yan sanda duk daren da zan fita?

Doka ba ta tilasta ba, amma rundunoni da yawa suna so a kira 101, lambar 'yan sanda ta abin da ba na gaggawa ba, a faɗi wuri da lokaci da lambar mota. Dalilin a fili yake. Satar kayan gona da farautar sata sun yi yawa a karkara, mutumin ƙauye kuwa in ya ga haske na yawo a fili ya ji ƙarar bindiga, waya zai ɗauka. Gara kiran minti biyu da a turo maka 'yan sanda masu makamai da jirgi mai saukar ungulu. In sun zo duk da haka, a cire harsashi, a ajiye bindiga a ƙasa, a tsaya cikin haske, a bi umarni. Maƙwabtan gonar ma a gaya musu, musamman masu dawakai.

Za a iya kwaikwayon wannan a ƙasar Hausa?

Maharbanmu sun daɗe da sanin fitilar goshi, ba sabon abu ba ne a wurinsu. Amma yanyawar Sahel ƙarama ce, ƙwari da ɓeraye ne yawancin abincinta, kuma mai kaji a wajenmu ya fi fama da muzuru da shaho da shirwa, sai uwa uba cutar da ke share akurki lokacin sanyi. Ga dokar bindigogi ta Najeriya, wadda ta sa ko bindigar gargajiya sai da izinin 'yan sanda, raifil kuwa ya fi ƙarfin talaka. A halin tsaron da ake ciki a Zamfara da Katsina da Maraɗi, wanda ya fita gona da dare da fitila da bindiga yana iya gamuwa da abin da ya fi asarar kaza. Akurki mai ƙofa da raga shi ne ɓangaren da ya dace da mu.

Me ake yi da gawar?

Ba a cin namanta a Birtaniya, fatar ma yanzu ba ta da wata kasuwa. A sa safar hannu kafin a taɓa ta, domin tana ɗauke da ƙazuwa mai kama karnuka, da tsutsotsin ciki da na huhu. Ciwon haukan kare dai babu shi a dabbobin ƙasa na Birtaniya tun farkon ƙarni na 20. A duba ko mace ce mai shayarwa, kamar yadda aka yi bayani a amsar lokutan shekara, a rubuta rana da wuri don mai gona ya san abin da aka yi. Sannan a binne ta da zurfi, nesa da rafi da rijiya, a inda mai gonar ya nuna. Tsohuwar al'adar rataye gawa a kan shinge don a nuna an yi aiki ta daina karɓuwa, kuma wadda aka bari kusa da hanyar jama'a takan jawo ƙorafin da zai sa mai gona ya janye izininsa.